Jijiyar aro a yatsan manomi

Lokacin yankan ciyawa a karkarar Illela, ko ranar gyaran albasa a Galmi, lauje kan goce ya sha yatsa. Ciwon ba ya da girma. A ɗaure da tsumma, jini ya tsaya, bayan sati biyu fata ta haɗe. Sai dai yatsan ya miƙe ya sanƙare, ya ƙi lanƙwasuwa, don farar jijiyar da ke jansa ta tsinke ta zame cikin tafi.

Wanda ya isa wurin tiyata da wuri, kamar asibitin Galmi da ƙungiyar SIM ta buɗe a 1950, ana iya ɗinke masa bakin biyu. Wanda ya yi watanni yana shafa man kaɗanya kuwa, jijiyar ta riga ta takure, sai an aro wata. Galibi a gaban wuyan hannu ake ciro ta: mutum ya haɗa babban yatsa da ɗan ƙarami, ya ɗan karya hannun, zai ga siririyar igiya ta taso. Cire ta ba ya rage ƙarfi, wasu ma ba a haife su da ita ba.

Wahalar tana farawa bayan ɗinki. Jijiyar aro kamar dashen albasa take, an raba ta da abin da ke ciyar da ita. Ba jinin da ke shigarta a kwanakin farko, ƙwayoyin halittarta da yawa sukan mutu, sai na maƙwabta su kutso su maye gurbi. Su ne masu ceto, su ne kuma masu ɓarna, domin tabon da suke sakawa yakan manne jijiyar da kuben da ya kamata ta riƙa zamewa a ciki.

An daɗe ana zaton ba makawa sai hakan. A 1978 Lundborg, likita ɗan Suwidin, ya saka guntun jijiya a cikin gwiwar zomo, ya nuna ruwan gaɓa kaɗai ya isa ya rayar da ita har ta warke. Daga baya Gelberman a Amurka ya gwada a kan karnuka: jijiyar da aka aro daga cikin kube mai ruwa ta fi rayuwa, ba ta kuma cika mannewa ba.

Motsi ne ke tura wannan ruwa cikin jijiya. Shi ya sa ake sa majinyaci lanƙwasa yatsa a hankali tun satin farko, alhali hannun yana cikin takalmin filasta wajen sati shida, kuma ba ɗaukar kaya sai bayan wata uku. Ga lebura a masana'antar siminti ta Malbaza, ko mai fadama a Birnin Konni da rani ya kama, wata uku ba wasa ba ne. Wanda ya koma kan fartanya da wuri ɗinkin ya ɓalle, wanda tsoro ya hana shi motsi kuma yatsan ya daskare, sai a sake buɗewa a kankare tabon.