Kare Matsoraci na Talabijin da Abin da Tsoro Ke Yi Wa Jikin Dabba

Yaran da ke kallon tashar Cartoon Network ta tauraron ɗan'adam sun san katun ɗin nan mai suna Courage the Cowardly Dog, wanda wani Ba'amurke, John R. Dilworth, ya ƙirƙira, aka nuna shi kashi 52 daga 1999 zuwa 2002. Labarin wani kare ne mai ɗan karen tsoro da ke zaune da wasu tsofaffi biyu, Muriel da Eustace, a wata gona a jihar Kansas. Kullum dodanni na kawo musu farmaki, shi kuwa jikinsa na ɓari, amma a ƙarshe shi ke ceto su. Abin dariya ne, sai dai rawar jikin nan tana da tushe a ilmin halittu.

A cikin ƙwaƙwalwar kare, da ta mutum, akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, wanda aikinsa shi ne gane haɗari. Da zarar ido ko kunne ya kawo labarin abin tsoro, sai saƙo ya tafi ga wasu ƙananan halittu biyu da ke bisa ƙoda, su zuba sinadarin adiranalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara bugu, hanta ta saki sukari, jini ya karkata daga ciki zuwa tsokar ƙafafu, gashin baya ya miƙe. Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya bayyana wannan a 1915, ya nuna cewa jiki yana shirin ɗayan biyu ne, ko faɗa ko gudu. Bugu da ƙari, kare yana jin sautin da kaɗawarsa ta kai kimanin 45,000 a daƙiƙa, alhali kunnen mutum ba ya wuce 20,000. Shi ya sa yakan firgita da abin da mai shi bai ji ba.

Wannan bayani ya shafi ɗaliban Panshekara da ke bi ta gefen masana'antun Challawa da Sharaɗa, inda akan gamu da karnukan gadi da na yawo. Kare mai jin tsoro yakan cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa, ya riƙa lasar baki. Idan ya sami hanya, gudu zai yi. To, amma idan yara suka rutsa shi a lungu suna jifa, tura ta kai bango ke nan, abin da ya rage masa shi ne cizo.

Haɗarin cizon kuwa shi ne ciwon haukan kare, wanda ƙwayar cutarsa ke cikin yawu, ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan alamunsa suka bayyana, da wuya a rayu. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya samo allurar da ke tsayar da shi, in an yi ta da wuri, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin ta rigakafin karnuka.

Saboda haka, wanda ya gamu da kare kada ya jefe shi, kada ya ruga, kada kuma ya ƙura masa ido. Ya tsaya cik, ya bar masa hanyar wucewa. Wanda aka ciza a wanke masa wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne.