Wasan Yaƙi a Kan Tebur: Yadda Aka Rage Masa Nauyi Har Ya Shiga Intanet

 Ga abin da muka tattauna a filin wasanni na wannan mako, don wanda shirin ya wuce shi.

Kun san dara: gurbi talatin a ƙasa, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, yaro ya zauna gefe yini biyu ya iya. To a Turai da Amurka akwai wani irin wasa da ake shimfiɗa taswira a kan tebur, a jera 'yan gutsattsarin kwali a matsayin sojoji, mutum biyu su sake buga wani yaƙi da aka yi a tarihi. Ba caca ba ce, ba a sa kuɗi. Matsalarsa ɗaya, dokokinsa sun yi yawa har sabon shiga yakan gudu tun bai fara ba. Wasan kuwa da ba ya samun sababbin hannu, ranar da tsofaffinsa suka gaji ya mutu ke nan.

Bari ku ji inda nauyin ya kai. A 1979 wani kamfani a Amurka mai suna SPI ya fitar da The Campaign for North Africa, wanda Richard Berg ya tsara, a kan faɗan da aka gwabza a hamadar Libiya da Masar lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Mutum goma ke iya buga shi, kuma an ƙiyasta sai an ci awa 1,500 kafin a kai ƙarshe. In kuna ba shi awa uku kullum, kwana 500 ke nan. A cikinsa sai ka lissafa ruwan da kowace runduna za ta sha, har da ƙarin ruwa ga sojojin Italiya don dafa taliya. Sai ka lissafa man fetur da rana ke shanyewa, kuma sojojin Ingila sun fi yin asara a farkon yaƙin saboda mazubinsu bai kai jarkar Jamusawa kyau ba. E, jarkar nan da kuka sani asalinta ƙirar Jamus ce. Duk wanda ya taɓa kora garke tsakanin rijiya da rijiya ya san lissafin ruwa gaskiya ne. Amma wa ke da lokacin yin sa da fensir, don wasa kawai?

Wannan kuka tsoho ne. A 1824 wani hafsan soja na daular Prusiya, a yankin Jamus, mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar wa manyansa wasan da suke kira Kriegsspiel, wato wasan yaƙi, aka karɓe shi don horar da hafsoshi. Da tafiya ta yi nisa sai aka ga duba jadawali da lissafi na cin lokaci fiye da tunanin dabara. A 1876 wani hafsa, Julius von Verdy du Vernois, ya kawo mafita: a ajiye yawancin jadawalin, a zaunar da gogaggen soja a tsakiya ya zama alƙali. Kai dai ka faɗi abin da kake so rundunarka ta yi, shi ya yanke abin da ya faru. Kamar dillali ne a kasuwar shanu, wanda ya san farashi ya kuma san al'ada, ya hutar da mai saye da mai sayarwa. Sai dai in alƙalin ba shi da ƙwarewa, ko yana da son kai, wasa ya lalace.

Dabara ta biyu ita ce koyarwa kaɗan-kaɗan, kuma a nan ne za mu tsaya a kan wasa ɗaya. A 1977 kamfanin Avalon Hill na birnin Baltimore ya fitar da Squad Leader, wanda John Hill ya tsara. An raba littafin dokokinsa gida-gida: ka karanta 'yan shafuka, ka buga faɗa na farko, sannan ka ƙara karatu ka buga na biyu. A 1985 aka faɗaɗa shi ya zama Advanced Squad Leader, wanda masu shi ke taƙaitawa da ASL. Taswirarsa gida-gida ce mai kusurwa shida kamar saƙar zuma, kowane gida mita 40 ne a fili. Kowane ɗan kwali ƙaramar ƙungiya ce ta sojoji wajen goma, ko shugaba, ko tankar yaƙi. Zagaye ɗaya minti biyu ne na faɗa, amma an kasa shi mataki takwas, ana jefa ƙwaya biyu irin ta ludo mai ɗigo ɗaya zuwa shida don a san ko harbi ya samu. Littafin dokokin ya haura shafi ɗari nesa ba kusa ba, da ƙananan rubutu, cike da gajerun kalmomi da sai ɗan gida ke ganewa.

Da Multi-Man Publishing ya karɓi ragamar wasan a ƙarshen shekarun 1990, sai ya koma wa waccan tsohuwar dabara. A 2004 ya fitar da ƙaramin akwati na masu koyo, dokokinsa shafi 12 kacal, sojojin ƙasa zalla. Akwati na biyu ya ƙara manyan bindigogi, na uku ya kawo tankoki. Ku makiyaya ba sai an yi muku bayani ba. Ba a miƙa wa yaro sanda a ce ya tafi mashekari da garke ranar farko. Da maruƙa yake farawa a bayan ruga.

Dabara ta uku ita ce kwamfuta. A shekarun 1990 wani mai son wasan, Rodney Kinney, ya rubuta manhajar da ake kira VASL don a buga ASL ta intanet. Daga ita aka samo VASSAL, wadda yau ke ɗauke da wasannin tebur masu ɗimbin yawa, kuma kyauta ake sauke ta. Me take ɗauke wa ɗan wasa? Tana shimfiɗa taswira, tana riƙe kowane kwali a gurbinsa, ba iskar da za ta watsar, ba ɗan akuyar da zai taka. Ita ke jefa ƙwaya ta nuna wa mutum biyun sakamako lokaci guda, don haka babu zargin maguɗi. Tana ɓoye sojojin da doka ta yarda ka ɓoye, abokin karawarka ba ya ganinsu sai lokaci ya yi. Tana kuma taimakawa a babban abin da ke jawo gardama, wato ko wannan soja yana hango wancan, ko tudu ko gini ya tare shi. A kan tebur zare ake miƙawa tsakanin gidajen biyu ana leƙe. A kwamfuta layi za ka ja.

Ga inda mutane da yawa ke mamaki: manhajar ba ta tilasta dokoki. In ka matsar da soja fiye da inda ƙafarsa ta isa, ba za ta hana ka ba, sai dai abokin wasanka ya ce, “A'a malam, koma baya.” Littafin dokoki ma dole ka saye shi daban, ba a haɗa shi cikin kyautar ba. Wani zai ga wannan gazawa ce, kuma gaskiya da na'ura na yanke komai da sabon shiga ya fi saurin farawa. Amma ku dubi yaron shagon da bai san lissafi ba sai da kalkuleta. Ranar da batir ya mutu, ko aka danna masa lamba ba daidai ba, ba zai gane an cuce shi ba. Haka ɗan wasan da na'ura ke yi wa komai: zai ga sojojinsa sun watse bai san dalili ba, gobe ya maimaita kuskuren. Abin da ya dace a ɗora wa na'ura shi ne ɗawainiya da ajiyar lissafi. Shawarar inda za a kai hari da sanin dalilinta, wannan a bar wa mutum.

Akwai wani ɓangaren da zai burge duk wanda ke zaune inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, rezo in ji 'yan'uwanmu na tsallake. Ba dole ku hau intanet lokaci ɗaya ba. Kana iya yin naka motsin, manhajar ta naɗe shi cikin ɗan ƙaramin fayil, ka aika ta imel. Abokinka ya buɗe lokacin da ya samu sarari, ya bi motsin ɗaya bayan ɗaya. Da yake a ASL mai tsaron gida na da damar harbi yayin da kake tafiya, in ya ga inda zai harba sai ya tsaya nan, ba ya leƙa abin da ke gaba. Babu mai gadinsa, amana ce kawai, irin wadda ke sa ku aika kaya Maraɗi ko Jibiya a kan kalmar baki. Wanda aka gane yana leƙe, sannu a hankali zai rasa abokin wasa.

In akwai ɗalibi a gidanku mai sha'awa, a gaya masa gaskiya tun farko: kwamfuta ake buƙata, wayar hannu ba ta wadatar, dokokin kuma da Turancin Ingilishi suke. Ya fara da ƙaramin akwatin, ya buga faɗa ɗaya sau uku ko huɗu kafin ya ƙara wani. Ya nemi wanda ya riga shi iyawa su haɗu ta kiran murya, ya riƙa faɗin abin da yake shirin yi da baki kafin ya taɓa kwali, don a gyara masa tun kuskuren bai yi nisa ba. In an manta wata doka a tsakiya, kada a tsayar da wasa awa guda ana bincike. A daidaita a ci gaba, a duba bayan an tashi. Kuma ya sa a ransa za a ci shi sau da yawa a farko, da rarrafe yaro kan tashi.

Mako mai zuwa za mu dawo gida, mu ji yadda dokokin dara ke bambanta daga wannan gari zuwa wancan. Wanda ya san yadda ake yi a yankinsu ya aiko mana da saƙo. A sauka lafiya, a kai kaya lafiya.