MV Aureol

MV Aureol jirgin ruwa ne na fasinja mallakar kamfanin Elder Dempster na ƙasar Birtaniya, wanda ya yi jigila tsakanin Ingila da Legas daga shekarar 1951 zuwa 1974. Shi ne jirgin fasinja na ƙarshe da kamfanin ya yi amfani da shi a hanyar Afirka ta Yamma. Bayan jiragen sama sun ƙwace masa kasuwa, an mayar da shi masaukin ma'aikata a ƙasar Saudiyya. Sunansa ya samo asali ne daga dutsen Aureol da ke birnin Freetown na ƙasar Saliyo.

Ƙira

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa sun nutsar da manyan jiragen fasinja na Elder Dempster, ciki har da Abosso a shekarar 1942. Da yaƙi ya ƙare sai kamfanin ya sa aka ƙera masa sababbi guda uku: Accra a 1947, Apapa a 1948, sannan Aureol wanda ya fi su girma. Kamfanin Alexander Stephen and Sons ne ya ƙera shi a birnin Glasgow, aka tura shi ruwa a watan Maris na 1951. Tsawonsa ya kai kimanin mita 164, girmansa kuma tan 14,083. Yana da injinan dizal guda biyu, yana ɗaukar fasinja sama da 300. An yi wa jikinsa farin fenti, bututun hayaƙinsa kuma ruwan ɗorawa, abin da ya sa ake gane shi tun daga nesa.

Jigilar Legas

Jirgin ya fara tafiya daga Liverpool a watan Nuwamba na 1951. Yakan yada zango a Las Palmas da Freetown da Takoradi kafin ya isa tashar Apapa, tafiyar da kan ɗauki kusan mako biyu. Fasinjojinsa sun haɗa da jami'an mulkin mallaka da iyalansu, 'yan kasuwa, 'yan mishan, da ɗaliban Afirka masu zuwa karatu Ingila. Yana kuma ɗauke da wasiƙu da kaya.

Duk da nisan Arewacin Najeriya da teku, layin dogo ya haɗa yankin da wannan jigila. Dogo ya isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau kuma ya kai Kauran Namoda a 1929. Saboda haka mai zuwa Ingila daga ƙasar Zamfara sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Legas, daga nan ya shiga na ruwa. Ta wannan hanyar ce kuma wasiƙun Turai suke isowa Arewa.

Raguwar fasinja

A ranar 29 ga Afrilu 1964 kamfanin BOAC ya fara jigila tsakanin Landan da Legas da jirgin sama samfurin VC10. Tafiyar mako biyu ta koma ta sa'o'i kaɗan, kuma mutanen Arewa suna iya tashi daga filin jirgin saman Kano ba sai sun gangara kudu ba. Samun 'yancin kan ƙasashen yankin ma ya rage yawan Turawan da ke kaiwa da komowa. Kamfanin ya rabu da Accra a 1967, ya sayar da Apapa a 1968, Aureol ya rage shi kaɗai. A 1972 aka mayar da tasharsa Southampton. Tashin farashin mai na 1973 ya ƙara tsadar gudanar da shi, ya kammala tafiyarsa ta ƙarshe a watan Oktoba na 1974.

Sauya aiki

A wancan zamani, jirgin fasinjan da ya rasa kasuwa ko dai a farfasa shi, ko a sake masa aiki. Wasu an gyara su sun koma jiragen yawon shaƙatawa, waɗanda ake shiga don hutu da buɗe ido. Misali shi ne Jean Mermoz na Faransa, wanda ya yi jigila tsakanin Marseille da gaɓar Afirka ta Yamma tun 1957, aka gyara shi a 1970 ya koma ɗaukar masu yawon shaƙatawa.

Shi kuwa Aureol, attajirin ƙasar Girka John Latsis ne ya saye shi, ya sauya masa suna zuwa Marianna VI. An girke shi a tashar Jidda ya zama ofis da wurin kwanan ma'aikatan gine-gine, daga baya aka kai shi Rabigh da ke arewa da Jidda. A 1989 aka ajiye shi a Eleusis ta ƙasar Girka, inda ya shafe shekara 12 ba ya aiki. A shekarar 2001, yana da shekara 50, aka kai shi Alang ta ƙasar Indiya aka farfasa shi.