Gano Ƙwayoyin Gado Masu Kare Wake Daga Ƙuduji

Waken da ake aunawa a kasuwar Jimeta yana da babban abokin gaba a gona, wato ƙuduji, wanda kan maƙale wa saiwa ya tsotse ta. A shekarar 2019 masana suka bayyana jerin ƙwayoyin gadon IT97K-499-35, irin waken da cibiyar IITA ta samar, kimanin 30,000. Sai dai jeri kaɗai ba ya nuna wace ƙwaya ke aiki. Saboda haka akan auna RNA na saiwar da ta jure wa ƙuduji da wadda ta kasa, a ware ƙwayoyin da suka farka. Manazarci a Yola yana iya kwatanta irin wannan sakamako da kwamfutarsa, tunda taskar GEO ta intanet kyauta ce.