Shiri na Musamman: Jar Ƙwaya da Maganin Garkuwa a Jidda

Yau shirinmu ya leƙa Jidda, inda 'yan'uwanmu suka daɗe da zama, musamman a unguwar Karantina. Za mu duba magungunan gina jiki da ake bai wa mai juna biyu da ke ɗauke da ƙwayar cutar HIV.

Irin wannan baiwar Allah jikinta na aiki biyu: rainon ciki da yaƙi da cuta, shi ya sa ƙarancin jini ke saurin kama ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta sha sinadarin ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 kullum, haɗe da sinadarin folik. Wannan ce jar ƙwayar da ake bayarwa wurin awo.

A 1998 an wallafa sakamakon wani bincike da aka yi a Darussalam ta Tanzaniya kan mata 1,075 masu ciki da ke ɗauke da cutar. Waɗanda suka sha haɗin bitamin sun fi tsira daga mutuwar ɗan tayi, kuma haihuwar jarirai marasa nauyi ta ragu da kashi 44 cikin 100. Amma bitamin A bai hana jariri kamuwa ba. Abin da ke kare jariri shi ne maganin danne ƙwayar cutar, wato maganin garkuwa: ba tare da shi ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na iya kamuwa, da shi kuwa adadin kan faɗo ƙasa da 5.

To, a nan gizo ke saƙa. Ƙarfe da sinadarin ƙashi sukan riƙe maganin garkuwa na Dolutegravir a hanji, su hana shi shiga jini yadda ya kamata. Saboda haka, 'yar'uwa, ki sha maganin garkuwa awa 2 kafin jar ƙwaya, ko awa 6 bayanta, ko kuma ki haɗiye su tare a kan abinci. Da safe in kin zauna gaban ful da tamis, matsa lemon tsami a kai, yana taimaka wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. Shayi kuwa a jinkirta shi, don yana rage wannan amfani.

Akwai kuma batun tsoro. Baƙon da aka samu da cutar a Saudiyya akan mayar da shi ƙasarsa, wannan kan sa wata ta guji awo, ta wadatu da ƙwayar kantin magani. Ƙwayar ba ta maye gurbin likita. Wadda ta koma gida ta sani cewa maganin garkuwa kyauta ne a asibitocin gwamnatin Najeriya, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Allah ya raba lafiya. Mu kwana nan.