Hanyar doki ta zama hanyar keke

Darasinmu na wannan mako a kan keke ne da hanyar da ta dace da shi. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke bisa gudron ya san yadda ake yi. Babbar mota ta taso daga baya, ta yi oda, sai mai keke ya faɗa cikin rairayi shi da buhun geronsa. A Faransa ma haka abin yake, har ya fi, don motocinsu sun fi namu yawa. Shi ya sa masu keke na can suka nemi hanyoyin da mota ba ta bi. Da yawa daga cikinsu tsofaffin hanyoyi ne da aka yi domin wani aiki dabam. Bari mu ɗauki guda mu duba ta da kyau.

A kudancin Faransa akwai wani kanal, wato kogin da mutane suka haƙa da hannu, ana ce da shi Kanal di Midi. Tsawonsa kilomita 240, kusan tafiyar Maraɗi zuwa Damagaram ke nan. Ya tashi daga birnin Tuluz ya ƙare kusa da garin Set, a bakin Bahar Rum. An fara haƙa shi a 1666, zamanin sarki Luwi na 14, aka buɗe shi a 1681. Wanda ya tsara aikin, Piyer Pol Rike, mai karɓar harajin gishiri ne. Ya rasu a 1680, bai ga ranar buɗewa ba.

A wancan zamani jirgin ruwa ba shi da inji. Dawaki ke jan sa da igiya, suna tafe a bakin ruwa. Don haka aka yi musu hanya a gefen kanal tun daga farko har ƙarshe. Da jirgin ƙasa ya zo, kaya suka fara barin ruwa. Wajen 1990 jiragen kaya suka daina bi ɗungum, sai na masu yawon buɗe ido. Hanyar dawaki ita ce ta zama hanyar keke. An hana motoci bin ta, sai ta ma'aikatan kanal. Kusa da Tuluz an zuba mata gudron, amma mafi yawanta tsakuwa ce da ƙasa.

Ku lura da abu guda: ruwa ba ya hawa tudu. Saboda haka hanyar da ke bin kanal shimfiɗaɗɗiya ce. Inda ƙasa ta tashi, an gina ƙofofin ruwa, a wuri 63. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofa, a sako ruwa, sai ya tashi sama kamar ƙwarya cikin randa. Mai keke kuwa ɗan hawa kaɗan zai yi a kowace ƙofa, ya ci gaba.

To, ina duwatsun? A nan hikimar take. Wuri mafi tudu a kanal ɗin shi ne Nuruz, mita 189 bisa teku. Daga nan ruwa ke gangarawa gabas da yamma, ke nan dole a kawo masa wani ruwan daga inda ya fi shi tudu. Rike ya hau duwatsun da suke kira Baƙin Dutse, ya tare ƙoramu, ya gina baraj a Sen Fereyol daga 1667 zuwa 1672. Sannan ya haƙa ƙaramar magudana mai kusan kilomita 38, tana kewaya gindin tuddai har Nuruz. Ita ma akwai hanyar tsakuwa a gefenta. A ganinmu ta fi ta babban kanal daɗi, don kana cikin tuddai da gonakin alkama amma ba ka hawa ko ɗaya. Wanda ke son zufa sai ya bar ta a garin Rebel ya hau zuwa baraj.

Abin da ya ƙawata hanyar inuwa ce, kuma ita ce ke cikin haɗari. Itatuwan da ake kira platan wajen 42.000 ne suka jeru a bakin kanal. A 2006 aka gano wata cuta a jikinsu. Tana bin ruwa, tana shiga ta raunin da jirage da igiyoyinsu ke yi wa saiwa. Ba ta da magani sai sara da ƙonewa. An riga an sare fiye da rabi. Ana dasa waɗansu iri a madadinsu, amma itacen bana ba ya yi wa matafiyi inuwa.

Domin irin waɗannan hanyoyi aka ƙera abin da suke kira keken tsakuwa. Sirrinsa yana ga taya. Ta keken tsere yawanci ba ta wuce santimita 3 ba, ta keken tsakuwa kuwa wajen santimita 4 ko fiye. Ku auna tayar tsohon baƙin keken nan da ke zauren gidanku, za ku tarar ita ma wajen santimita 4 ce. Bambancin shi ne nasu ba shi da nauyi, yana da giya da yawa, kuɗinsa kuma ya kan fi na sa.

Mu ma muna da kanal. Manoman Ƙonni sun san wanda ke kawo musu ruwan Magiya daga baraj ɗin Mozage da na Zango, da hanyar da ke bin gefensa. Sai dai tamu ta aiki ce, amalanke da babura duk suna bi. Idan za ku bi ta, ko ku gangaro tsakuwar duwatsun Adar, kada ku cika wa taya iska har ta yi tauri kamar dutse. Taya mai ɗan laushi ta fi kama tsakuwa. A gangara ku fara da birkin baya, don na gaba shi ke kayar da mutum. Bayan ruwan sama kada ku bi leɓen kanal, don sawun taya nan ne zaizaya ke farawa. Ku riƙa tafiya da famfo da kayan faci, musamman da kaka, lokacin da tsidau ya bushe.