Faifan Da Aka Juya Da Gudun Da Ba Nasa Ba

A birnin Detroit na ƙasar Amurka, garin maƙeran motoci, wani saurayi mai suna Carl Craig ya fitar da faifai cikin 1992, ana ce da shi Bug in the Bass Bin. Kiɗan rawa ne na na'ura, amma gangunansa irin na jaz ne, wato kiɗan baƙaƙen Amurka wanda makaɗi yake ƙago salo nan take.

Mutanen gida ba su kula shi ƙwarai ba, sai da ya ƙetare teku. A Landan masu sa faifai a gidajen rawa suka dinga juya shi sau 45 a minti, maimakon 33 da aka ƙayyade masa. Duk wanda ya taɓa mallakar garmaho ya san ɓarnar da wannan kan yi. To, a nan sai gangunan suka ɗau zafi, har suka taimaka wajen haifar da salon da samarin Ingila suke kira drum and bass.

Cikin 1999 Craig ya tara makaɗa, har da Francisco Mora, tsohon mai gangar Sun Ra, suka yi faifan Programmed. Ya fi na farkon ratsa zuciya, amma ba safai ake ambatonsa ba.